Tallafa wa iyalai marasa matsuguni da yaransu: daga daren farko zuwa makullin gida

Kuskuren da sababbin ƙungiyoyin agaji suka fi faɗawa ciki shi ne fara aiki da neman gini. A samu fili, a ɗora ɗakuna, a jera gadaje, sannan a zauna tunanin wa za a kwantar. Kafin shekara biyu ginin ya cika, babu wanda ya fita, ciyarwa da albashi sun lanƙwame duk abin da ke shigowa, wanda ya ƙwanƙwasa ƙofa yau kuma sai dai a ba shi haƙuri. Mafaka zango ce, wanda ya sauka a zango kuwa da sauran tafiya a gabansa. Saboda haka duk matakan da ke nan abu guda suka fuskanta: iyali su koma gidan da makullinsa ke hannunsu, kuma su koma tare da 'ya'yansu.

Abin da za a gama kafin a karɓi mutum na farko

Ku fara da rubutawa, a shafi ɗaya, su wa za ku taimaka wa, su wa kuma ba za ku iya ba. Uwar da aka kora da 'ya'yanta saboda bashin haya, iyalin da gobara ko ambaliya ta raba da gida, matar da ta gudo daga duka, yaro ɗan shekara 13 da ke kwana a tasha: dukansu ba su da wurin kwana, amma maganin kowa daban. Ta farko kuɗin haya take buƙata, ta uku kuwa wurin da mai dukanta bai sani ba. Ƙaramar ƙungiya ta zaɓi rukuni ɗaya ko biyu, sauran ta san inda za ta tura su.

Sanin inda za a tura mutum aiki ne na ƙafa. Ku je da kanku asibiti mafi kusa da ke duba yara da masu ciki, ofishin jin daɗin jama'a, sashen 'yan sanda mai kula da ƙararrakin mata da yara, makarantu, ofishin rajistar haihuwa, da lauyoyin da ke tsaya wa marasa hali kyauta. A kowane wuri ku rubuta sunan mutum guda da lambarsa, lokutan aiki, da takardun da suke nema. A sabunta jerin duk wata uku, domin ana yi wa ma'aikata canjin wuri, kuma takardar turawa da ta faɗa hannun wanda bai san ku ba a aljihun tebur take ƙarewa.

Game da rajista, doka ta bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa, amma a wurare da yawa rajistar ƙungiya daban take da lasisin ajiye yara. Ku tambayi hukumar da ke kula da yara a rubuce, ku adana amsarta.

Abu na ƙarshe, wanda aka fi yi wa riƙon sakainar kashi, shi ne ƙa'idar kare yara. Wurin da ya tara yara marasa gata yana jawo masu tausayi, yana kuma jawo masu neman cutar da su, su ma da fuskar tausayi suke zuwa. Ƙa'idar ta tanadi binciken tarihin kowane ma'aikaci da ɗan sa-kai, har direba da mai gadi, tare da kiran mutum biyu da suka taɓa aiki da shi a waya, domin wasiƙar shaida kowa na iya rubuta wa kansa. Babba ba ya keɓewa da yaro a rufaffen ɗaki ko a mota. Babu duka, babu musayar saƙo a waya tsakanin ma'aikaci da yaro. A naɗa mutum guda mai karɓar ƙorafi, a kuma buɗe hanya ta biyu ko da shi ake zargi, sannan duk wani zargi ya isa gare su cikin awa 24. Kowa ya sa hannu, har shugaban ƙungiya da wanda ya fi kowa ba da gudummawa.

Daren farko

Kada a tarbi mutanen da suka kwana biyu a titi da fom mai shafi goma. Ruwa, abinci, wurin zama, sannan tambaya uku: akwai wanda ke bibiyarku? Akwai mara lafiya? Akwai yaron da ba ya tare da ku yanzu? Jagorar taimakon farko ga masu damuwa da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2011 ta taƙaita aikin a kalma uku, wato duba, saurara, haɗa da mai taimako, kuma ta hana matsa wa mutum ya ba da labarin abin da ya same shi. Suna, shekaru da lambar waya sun isa a daren. Sauran ya jira gobe.

Lafiyar ƙananan yara ce ba ta jira. Duk yaro daga wata 6 zuwa wata 59 a auna masa damtsen hagu da tef ɗin awo mai launi, a tsakiya tsakanin kafaɗa da gwiwar hannu, ba a matse ba a sassauta. Ƙasa da santimita 11.5, wato ja, tamowa ce mai tsanani. Daga 11.5 zuwa ƙasa da 12.5, rawaya, matsakaiciya ce. A danna saman ƙafafunsa biyu da babban yatsa na daƙiƙa uku. Idan rami ya zauna a duka biyun, kumburin tamowa ne ko da damtsen ya nuna kore, wato lafiya, kuma asibiti za a kai shi a ranar. Nan ne tausayi ke yin kisa: a ga yaro ya rame a cika masa ciki da abinci mai nauyi, alhali jikin da ya daɗe da yunwa ba ya iya ɗaukarsa farat ɗaya. Ciyar da irin wannan yaro aikin ma'aikatan lafiya ne.

Sauran alamun da ke sa a tafi asibiti nan take: yaro ya kasa sha ko kama nono, yana amayar da komai, yana jijjiga, ko ya yi laushi ba ya farkawa sosai. A ƙirga numfashinsa na minti ɗaya cur yana kwance lafiya. Sau 60 ko fiye ga jaririn da bai kai wata 2 ba, 50 ga ɗan wata 2 zuwa 11, 40 ga ɗan shekara 1 zuwa 5, alamar ciwon huhu ce. Mai gudawa a fara ba shi ruwan gishiri da sukari na ƙunshi, da ƙwayar zinc kullum na kwana 10 zuwa 14.

Idan akwai maganar fyaɗe, lokaci ne a gaba da komai. Maganin kariya daga cutar HIV sai an fara shi cikin awa 72 yake aiki, na hana ɗaukar ciki na gaggawa cikin awa 120. A kai asibiti tukuna, bincike ya biyo baya. Abin da yaro ya faɗa a rubuta shi da kalmominsa, kada a sa masa magana a baki da tambaya irin "wane ne ya taɓa ka, ko ba haka ba?", kada kuma a yi masa alkawarin rufe sirrin da doka ta wajabta a kai rahotonsa.

Cunkoso abokin cuta ne, don haka kafin a haɗa sababbin zuwa da sauran jama'a a duba katin rigakafi, musamman na ƙyanda, a tura mai tarin da ya kai mako biyu gwajin tarin fuka. Ƙazuwa kuwa, in an yi wa yaro ɗaya magani aka bar sauran 'yan ɗakin, dawowa take yi. Rana ɗaya ake yi wa kowa, a wanke tufafi da shimfiɗa da ruwan zafi, abin da ba ya wankuwa a ɗaure shi a leda na mako guda.

Idan dole sai an buɗe mafaka

Ba sai kun ƙirƙiro ma'auni ba. Littafin Sphere, wanda ƙungiyoyin agaji suka fara aikinsa a 1997 aka sake sabunta shi a 2018, ya ba da mafi ƙarancin abin da ake buƙata: murabba'in mita 3.5 na wurin zama mai rufi ga kowane mutum, ruwa lita 15 a rana, banɗaki ɗaya ga mutum 20 da bai wuce nisan mita 50 ba, abinci mai kalori 2,100 a rana, sabulun wanka giram 250 da na wanki giram 200 a wata. Iyali mai mutum biyar ke nan murabba'in mita 17.5 da ruwa lita 75 kullum. An tsara alkaluman ne don lokacin bala'i, saboda haka ƙasan tudu ne. Wurin da mutane za su yi watanni ya kamata ya haura su. Da su za ku ƙirga mutum nawa gininku zai ɗauka, ku rubuta adadin, ku tsaya a kansa ko da ana roƙo.

Kowane iyali da ɗakinsa mai sakata daga ciki. Banɗakin mata daban da na maza, da fitila a hanyarsa, domin sau da yawa abin da ke samun yara mata a irin waɗannan wurare tsakanin ɗaki da banɗaki yake faruwa da dare. Ƙofar fita biyu, kuma ba a kulle ta da kwaɗo daga waje. Gawayi da janareto ba sa shiga ɗaki, iskar da suke fitarwa ba ta da wari, a cikin barci take kashewa.

Akwai wata doka da mafaka da yawa ke kafawa da kyakkyawar niyya: ba a karɓar yaro namiji da ya fara girma a sashen mata. Sakamakonta uwa ta zaɓa tsakanin gado da ɗanta, wasu kuma titi suke komawa. Ɗakin iyali mai ƙofarsa ya warware matsalar. Dokokin zama gaba ɗaya su zama kaɗan, waɗanda suka shafi tsaro kawai. Uwa ita ke dafa wa 'ya'yanta in da hali, ita ke tsawata musu, ita ke raka su makaranta. Ma'aikacin da ya ƙwace mata waɗannan ya rage mata daraja a idon yaranta, kuma ita ce za ta ci gaba da riƙe su bayan kun janye.

Yaro da danginsa

Za a zo muku da yara a ce ku karɓa, iyayen ba su da hali. Ƙa'idojin Majalisar Ɗinkin Duniya na 2009 kan kula da yaran da ba sa hannun iyayensu sun faɗa ƙarara cewa talauci shi kaɗai ba hujjar raba yaro da iyayensa ba ne, alama ce ta cewa iyalin na buƙatar tallafi. Ƙiyasin da aka fi ambata shi ne huɗu cikin biyar na yaran da ke gidajen marayu suna da uwa ko uba a raye. Kuɗin da zai riƙe yaro ɗaya a irin wannan gida yakan isa ya tallafi iyali da yawa su riƙe nasu.

Illar ma ba ta tsaya a kuɗi ba. Binciken da aka fara a Bukarest ta Romaniya a 2000 ya bi yara 136 da ke gidajen reno na hukuma, aka mayar da rabinsu hannun iyalai masu riƙo. Waɗanda aka mayar sun fi waɗanda aka bari ci gaban ƙwaƙwalwa da shaƙuwa da mai renonsu, waɗanda aka mayar kafin su cika shekara biyu kuma suka fi kowa amfana. Jariri na buƙatar fuska ɗaya da ya sani, ma'aikatan da ke karɓa-karɓa ba sa ba shi wannan komai kirkinsu. Shi ya sa ƙa'idojin na 2009 suka ce yaron da bai kai shekara 3 ba a cikin iyali za a rene shi. Jerin zaɓi ke nan: iyayensa tare da tallafi, sai dangi na kusa, sai iyalin riƙo da aka tantance, sai a ƙarshe ƙaramin gida mai yara kaɗan na ɗan lokaci. 'Yan'uwa ba a raba su sai da dalili mai ƙarfi. Hukuncin cire yaro daga hannun iyayen da ke cutar da shi kuwa na hukuma ne da kotu. Naku shi ne kai rahoto da ba da shaida.

Yaron da aka tsinta shi kaɗai, a sanar da hukuma cikin awa 24. A rubuta inda aka gan shi, da lokacin, da wanda ya kawo shi. A ɗauki hotonsa da tufafin da ya zo da su don fayil kawai, a ajiye tufafin, domin sau da yawa da su dangi ke gane ƙaramin yaron da bai iya faɗin sunansa ba. Wanda ya zo ya ce nasa ne, a tambaye shi shi kaɗai tabo ko alamar da ke jikin yaron, da sunayen 'yan gida, a gwada da abin da yaron ya faɗa, a kuma lura da yadda yaron ya yi da ya gan shi. Miƙawa a gaban jami'in hukuma ake yi, da sa hannu.

Yaran da suka daɗe a titi lamarinsu sai a hankali. Ma'aikata biyu-biyu, wuri ɗaya, lokaci ɗaya kowane mako, har yaran su saba da fuskokinsu. Wurin da za su shigo da rana su yi wanka, su ci, a wanke musu rauni, su fita in sun so, ya fi motar kame ta hukuma mai kwashe yara daga titi amfani. Kwamitin haƙƙin yara na Majalisar Ɗinkin Duniya ya yi tir da irin wannan kame a sharhinsa na 21 na 2017. Kafin a yi maganar mayar da yaro gida, a san abin da ya fito da shi. In duka ne ko yunwa, kuma ba abin da ya canza, zai sake gudu, a karo na biyu kuma ba zai yarda da ku ba. A ji ra'ayinsa, kamar yadda sashe na 12 na Yarjejeniyar Haƙƙin Yara ta 1989 ya tanada, a ziyarci gidan ba tare da shi ba, sai ziyarar yini tare, sai kwana ɗaya ko biyu, kafin komawa gaba ɗaya.

Fayil da mai riƙe da shi

Kowane iyali da ma'aikaci guda da suka san sunansa. Aikin hawa shida ne: rajista, tantance hali, tsara shiri, aiwatarwa, bibiya, rufe fayil. A gama tantancewa cikin mako na farko, shiri cikin mako biyu. Shirin kada ya wuce buri uku ko huɗu, kowanne da wanda zai yi da ranar da za a gama, kuma iyalin ne ke faɗin abin da ya fi damunsu. "A inganta rayuwar iyali" ba shiri ba ne. "Uwa da ma'aikaciya su karɓo takardar haihuwar yara biyu kafin 15 ga wata" shiri ne.

Takardu su zo da wuri, domin rashin katin shaida ko takardar haihuwa ne ke tare hanyar makaranta, asusun banki da yarjejeniyar haya, kuma suna ɗaukar lokaci. Yaro ya ci gaba da tsohuwar makarantarsa in ana iya kai shi, ko da za a biya kuɗin mota. Ya rasa gida, kada ya haɗa da rasa malami da abokai.

Ma'aikaci ɗaya kada ya riƙe fiye da fayil 25, in masu nauyi ne ƙasa da haka. Mai duba aikinsa ya zauna da shi aƙalla sau biyu a wata. In aka zarce wannan adadi, bibiya ce ke fara mutuwa, ba kuwa wanda zai lura sai wani abu ya faru. Fayil na zama a kabad mai makulli ko kwamfuta mai kalmar sirri, da lamba a bangonsa maimakon suna.

Komawa gida

An daɗe ana ganin sai mutum ya nuna ya gyaru sannan ya cancanci gida. Wani masanin halayyar ɗan Adam, Sam Tsemberis, ya juya tsarin a birnin New York a 1992: a ba da gida tukuna, tallafi ya biyo baya. Finland ta mayar da shi manufar ƙasa tun 2008, yawan masu daɗewa ba matsuguni kuma ya ragu sosai. An fara shi ne da manya marasa iyali, amma dalilin ya hau kan iyali daidai: wadda ba ta san inda za ta kwantar da yaranta gobe ba, ba ta da natsuwar neman aiki.

A nemi gidan da iyalin za su iya biya bayan tallafi ya ƙare. Ma'aunin da aka saba shi ne haya kada ta wuce kusan kashi ɗaya cikin uku na abin da ke shigo musu. Gida mai kyau da ya fi ƙarfinsu kora ce ta biyu da aka jinkirta. Kafin a biya komai a duba rufi, ruwa, banɗaki, ƙofa da makulli, da nisansa daga makaranta da wurin neman abinci, a kuma tabbatar wanda ke ba da hayar shi ne mai gidan ko wakilinsa na gaskiya. Yarjejeniya a rubuce, da sunan iyalin, ba da sunan ƙungiya ba. Tallafin haya ya riƙa sauka a hankali, misali cikakke na wata uku, rabi na wata uku, rubu'i na wata uku, kuma a gaya musu jadawalin tun ranar farko. Inda ake biyan hayar shekara a dunƙule, a fara tara ta baɗi tun watan farko a asusun da ke da sunansu, in ba haka ba ranar sabuntawa ce ranar kora.

Kada a ba iyalin da ba su ƙoshi ba rance. Jarin a tukunya zai ƙare, bashi ya rage. Kyautar jari kaɗan, a kan sana'ar da mutum ya riga ya iya, ta fi. A kuma tambayi wa zai riƙe ƙananan yara lokacin da uwa ke aiki, don in ba a amsa ba, babbar 'yar ce za ta bar makaranta.

Mafi arhar aiki duka shi ne wanda aka yi kafin kora. Biyan bashin haya na wata biyu da zaman sulhu da mai gida ya fi watanni a mafaka sauƙi nesa ba kusa ba. Ku ware wani kaso na kasafinku don wannan kaɗai, wanda za a iya fitarwa cikin kwana biyu.

Kuɗi da lissafin nasara

Sa hannu biyu a kan kowane fitar kuɗi, mai amincewa daban da mai biya, rasit ga komai, mai binciken kuɗi daga waje sau ɗaya a shekara. A ajiye abin da zai riƙe aiki na wata uku ko da gudummawa ta tsaya. Kuɗin da aka bayar don wani aiki takamaimai ba a karkatar da shi sai da izinin mai bayarwa a rubuce. Wajen neman taimako, ba a sa fuskar yaro da sunansa da inda yake a Facebook. Hoton zai daɗe bayan yaron ya girma, kuma wanda uwarsa ta gudo daga hannunsa shi ma yana da waya. Baƙi masu son zuwa su rungumi yara na yini ɗaya su tafi, a nuna musu wani aikin.

Yawan kwanon abincin da aka raba ba ya nuna ko aiki na tafiya. Ku ƙirga kwana nawa iyali ke yi kafin su samu gida, nawa ne ke cikin gidajensu bayan wata 6 da wata 12, yara nawa ke zuwa makaranta, nawa suka dawo hannunku karo na biyu. Don samun waɗannan alkaluma sai an ci gaba da ziyara: mako na farko bayan tarewa, sai wata 1, wata 3, wata 6, wata 12. Ana rufe fayil idan iyalin sun biya haya da kansu wata uku a jere, yara na makaranta, babu wata damuwar tsaro da ta rage, kuma mai duba aiki ya sa hannu. A ziyarar ƙarshe a bar musu kwafin takardunsu duka, da lambar da za su kira tun ranar da haya ta fara makara.